Hapsatu da Ƙwai a Jujin Taki

Duk wanda ya ce taurin kai gare ni, ba na musu da shi, gado ne. Na samo shi daga Hapsatu, kakar kakata, wadda ta zauna a wata ruga gabas da Sundimina tun kafin Turawa su shigo ƙasar Kano. Ni ban gan ta ba. Kakata Zahara'u ce ta yi zama a hannunta daga baya, kuma daga bakinta na ji labarin nan sau ba adadi, har na haddace wuraren da take tsayawa ta yi tsaki.

Hapsatu doguwa ce, siririya, mai kaifin baki. Sana'arta nono. Tun tana budurwa take ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwar Birnin Kudu, ta bi ta gefen duwatsu, ta dawo da hatsi da gishiri. Kindirmonta ba ya tsami ba ya tsinkewa, don da bayan yatsa take gane ɗumin madara kafin ta rufe ta. Mijinta Dabo yana da garke mai kyau, 'yarsu ɗaya tana aure a Surko. Ba mai arziki ba ce ta a zo a gani, amma ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Sai ga shekarar ciwon shanu. Kakata ta ce Sannu ake kiran ciwon, don ba abin da mutane ke iya ce wa juna sai sannu. Saniya za ta fara hawaye, ta yi dalala, zawo ya biyo baya, kafin a ankara ta kwanta. Ungulaye suka ci har suka kasa tashi. Garken Dabo bai bar ko maraƙi ɗaya ba. Kajin rugar da awakinta kuwa tuni aka kai su kasuwa don a sami abin sawa a baka. Shi Dabo ya zauna a gindin tsamiya da sandarsa a kan cinya, ya daina magana, ya daina cin abinci. Bai ga ƙarshen kaka ba.

Da Hapsatu ta fita takaba, ƙanin mijinta Maikano ya zo ya tsuguna a ƙofar bukkarta. Shi ne ya zama babban ruga yanzu, kuma shi ma ba a bar masa ko wutsiya ba. Ya yanke shawara zai kwashe kowa zuwa Basirka, can ƙasar Gwaram, inda wani manomi ya yarda ya ba su fili su yi noma.

Ya kira ta Adda, wato yaya da Fulatanci, ya ce, "Adda, da ruwan shuka ya sauka za mu tashi. Ki fara ɗaure kayanki."

Ta ce, "Ku sauka lafiya."

"Da ke za a tafi. Ko in kai ki Surko wurin 'yarki."

"In je in zauna a gidan suruki ana auno mini tuwo? Ka raina ni, Maikano. Ni na goya ka fa."

Ni dai ba na ganin laifin Maikano. Mace mai shekara hamsin, ita kaɗai a daji, ga kuraye sun saba da wurin saboda mushe. Wane ne zai bar matar wansa a haka? Amma ita abin da take gani daban ne. A nan tana da bukkarta, da 'yar gonar da shanu suka yi shekaru suna zuba wa taki, da rijiya kusa. A can kuwa za ta zama tsohuwar da ake tunawa da ita bayan kowa ya ƙoshi. Ta gwammace kura.

Maikano ya ce, "Wurin nan ya mutu, Adda. Ba abin da zai sake rayuwa a cikinsa. Ba a barin mutum inda ba a haihuwa."

Nan ta kama shi. Ta ce, "In aka haihu fa? In wani abu mai numfashi ya fito a filin nan kafin ruwa, ba wanda aka kawo da ransa daga waje ba, za ka bar ni?"

Ya dubi turakun da ba komai a jikinsu, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "In haka ta faru, na bar ki."

"A gaban matanka ka faɗa."

Ya maimaita a gabansu.

Washegari ta ɗauki ƙwaryarta mai zane, wadda uwarta ta ba ta ranar aure, ta nufi ƙauyen manoma da ke ƙetaren rafi. Akwai wata Barira a can, tsohuwar mai sayen nononta, wadda kajinta suka cika tsakar gida. Hapsatu ta roƙe ta aron kaza mai kwanci tare da ƙwai.

Barira ta ja da baya kamar an nuna mata maciji. "Kazata ta shiga rugar Sannu? Hapsatu, duk abin da ya shiga wurin nan da ƙafarsa bai fito ba. Ki nemi wani abu, ban da wannan."

"Ciwon shanu ne, ina ruwansa da kaza?"

"Ke kika sani. Ni dai a'a."

Har yau in na tuna Barira raina ɓaci yake. Shekara da shekaru ana yi mata gyara a ludayi, amma kaza ɗaya ta gagara. Ƙwaryar dai ta karɓa, don ba ta da kunya. Ta zuba wa Hapsatu ƙwai goma sha biyu a gefen zane, har tana ba ta shawara: "Ki dafa ki ci, baiwar Allah. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Hapsatu ta dawo da ƙwai, babu uwa. Ta ajiye su a inuwa tana tunani.

A bayan bukkarta akwai jujin kashin shanu da ta tara tun bara don gona. Abin da ya rage na garken Dabo ke nan a duniya. A nan take zubar da ruwan wanke-wanke da ƙaiƙayi. Ranar ta sa hannu za ta ɗebi taki, sai ta ji cikinsa da ɗumi kamar hantsar saniya. Ta ƙara tonawa, ta ci karo da 'yan fararen ƙwai na ƙadangare, wasu sun fashe, 'ya'yan sun riga sun tafi. Ta zauna a wurin ta daɗe. Ƙadangare ba ya kwanci, amma ga shi ya ƙyanƙyashe. To me kaza ta fi shi da shi, in ban da surutu?

Ta samo tsohuwar tukunya, ta zuba ƙaiƙayi a ciki, ta haƙa mata gurbi a jujin. Sai kuma ta yi abin da duk wata 'yar ruga za ta yi. Ƙwan Barira duk kashin kaji ne a jikinsu, ita kuwa mace ce da ba ta zuba madara a ƙwaryar da ba ta sha wanki ba. Ta wanke su tas. Sannan ta ɗauko ɗan tandun da ta ɓoye, mai sauran soyayyen man shanu na ƙarshe daga shanunsu, wanda ko a takaba ba ta taɓa shi ba. A wurinta duk abin da kake so ya rayu, mai kake shafa masa. Haka ake yi wa jariri, haka ake yi wa maraƙin da ya ji ciwo. Ta shafe ƙwan ɗaya bayan ɗaya har suna ƙyalli, ta jera, ta rufe da faifai.

Matan Maikano suka yi ta leƙe suna ƙunshe dariya. Labari ya ƙetare rafi, aka ce baƙin ciki ya taɓa matar Dabo, ta koma kwanci a kan juji. Ita ko a jikinta.

Ta jira har lokacin da kaza kan fito da 'ya'yanta ya wuce. Shiru. Da ta fasa ɗaya, warin da ya tashi sai da ya kori kowa daga rugar. Duka goma sha biyun baragurbi ne. Ta binne su a bayan gona, ta wanke hannu, ta zauna ta yi kuka. Ba ƙwan ta yi wa kuka ba, man ta yi wa.

Maikano ya zo da yamma. Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariya ciwo. Ya ce, "Kin gani, Adda. Ki huta haka nan."

Ta ce, "Ruwa ya sauka ne?"

"Bai sauka ba."

"To tashi ka ba ni wuri."

Ta koma wurin Barira. Da ta faɗa mata abin da ta yi, Barira ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. "Mai! Kin shafa wa ƙwai mai! Ke, ƙwai numfashi yake ta jikin ɓawonsa, kin toshe masa hanci. Kuma wa ya ce miki ana wanke shi? Fulani dai, in ba saniya ba ce ba ku san gabanta daga bayanta ba."

Hapsatu ta haɗiye. Wanda ya san ta zai san abin da haɗiyewar nan ta ci mata. Ba ta da sauran ƙwaryar bayarwa, don haka ta ce za ta yi wa Barira daka a bakin wasu ƙwan. Matar da manoma ke tashi su sauke mata kaya, ita ce ta kama taɓarya a gidansu. Amma ta san abin da take yi. Ta ja turmin kusa da akurki inda wata jar kaza ke kwanci, tana daka tana satar kallo.

Abin da ta gani ya ba ta mamaki. Ashe kaza ba zama kawai take yi ba. Tana sa baki ta juya ƙwan, na gefe ta jawo shi tsakiya, na tsakiya ta tura shi gefe. Da hantsi takan tashi ta bar su su sha iska, ta je ta yi tsince-tsince, ta bi ta wurin randa inda ƙasa ke da laima, ta dawo da danshi a ƙirji. Da kazar ta tashi, Hapsatu ta saki taɓarya ta ɗauki ƙwai ɗaya ta ɗora a bayan yatsanta, ta ɗora a kumatu, ta rufe ido. Ɗumin ya ɗan ɗara na madarar da aka tatso yanzu. Wannan kam ta san shi, ba mai koya mata.

Karo na biyu ƙwai goma ta samu. Ba ta wanke ba, ba ta shafa musu komai ba, ko da yake kakata ta ce sai da ta kau da kai don ƙyanƙyami. Ta yi wa kowanne ɗigo da gawayi a gefe ɗaya don ta san wanda ta juya. Ta kafa 'yar rumfar zana a kan jujin saboda ranar bazara. In ta taɓa ta ji zafi ya yi yawa, sai ta ɗago tukunyar sama kaɗan. In ya yi sanyi, ta yayyafa wa takin ruwa, ta ƙara ƙaiƙayi, ta nutsa tukunyar. Ta sa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin faifan. Da hantsi takan buɗe su su sha iska, ita kuma ta je rijiya. Kasuwa ta daina zuwa, barka da gaisuwar mutuwa duk ta aika a ba da haƙuri.

Ita da kanta ta san ba a taɓa yin haka ba a ƙasar. Wata tsohuwa ta tare ta a rijiya ta ce mata wannan shisshigi ne cikin ikon Allah. Hapsatu ta ce, "Inna, ɗumin da ke ƙirjin kaza da wanda ke cikin juji, akwai wanda ba Allah ne ya sa shi ba?" Ta ɗora tulunta ta wuce.

Zafi ya yi ta ƙaruwa, gabas ta fara haɗa baƙi da yamma tana warwarewa. Matan Maikano suka kwance bukkokinsu, suka ɗaure tabarmi da tukwane. Rugar ta zama fili, sai bukkar Hapsatu kaɗai a tsaye. Ranar wata Laraba aka yi yayyafi mai ƙamshin ƙasa, kowa ya san babban yana tafe. Da safe Maikano ya jawo jakin da ya aro har ƙofarta.

"Adda, lokaci ya yi. Jiya an yi ruwa."

"Wancan ruwa ne? Ko ƙura bai kwantar ba. Ruwan shuka ka ce."

"Dubi gabas. Kafin azahar zai sauka, kuma ba zan ƙetare rafi da yara yana cike ba."

Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, ta durƙusa a bakin jujin, ta ɗage faifan a hankali. Maikano ya matso don ya ɗauke tukunyar ya kawo ƙarshen zancen. Sai ya tsaya. Daga cikin ƙaiƙayin wata 'yar murya ke fitowa, siririya, tana yi tana hutawa. Ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan baki rawaya yana leƙowa yana komawa.

Shi Maikano kaf yankin an san hannunsa. In haihuwa ta gardame wa saniya, daga Surko har Sundimina shi ake kira, ya naɗe hannun riga ya jawo maraƙi da rai. Rabonsa da ganin wani abu yana ƙoƙarin fitowa duniya, tun kafin Sannu. Ya durƙusa bai san ya durƙusa ba.

Ya ce, "Ya gaji. Ba zai iya ba, sai an taimaka masa."

Kafin ta buɗe baki ya ɗauki ƙwan a tafin hannu, ya sa farce yana ɓare ɓawon a hankali, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yake lallashin karsana. Ita ma ba ta hana ba, don a saninta haka ake yi. Sai jini ya ɓullo. Ɗan tsakon ya fito jiƙe, da ƙwaiduwa a manne a cikinsa bai gama shanyewa ba. Ya buɗe baki sau biyu, ya miƙe a hannun Maikano.

Maikano ya kasa ɗago kai.

Hapsatu ta karɓi gawar ta ajiye a gefe. Ta ce, "An haihu a filin nan, kai ka kashe. Yanzu za ka zauna ka jira sauran. Kuma ka zauna a kan hannuwanka."

Ya zauna. Matansa suna kira daga bakin hanya, jaki na kuka, bai waiwaya ba. Ita ta mayar da faifan ta bar 'yar kafa. Suka yi zugum su biyu a bakin jujin kashin shanun Dabo, suna jin ƙwai na tsagewa. Duk lokacin da wani ƙwai ya yi shiru sai yatsun Maikano su motsa, ita kuma ta harare shi. Ba abin da ya fi wa makiyayi wuya kamar ya ga haihuwa ya naɗe hannu.

Na farko cikin sauran ya zagaye ɓawonsa da kansa, ya tura, ya faɗo a kan ƙaiƙayi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Maikano ya ce ya mutu. Hapsatu ta ce ya rufe mata baki. Can sai abin ya ɗaga kai, ya dafa, ya faɗi, ya sake dafawa. Kafin rana ta take, huɗu sun fito sun fara bushewa, uku jajaye, ɗaya baƙi. Sauran ba su yi motsi ba, kuma ba su taɓa yi ba.

Hapsatu ta ce, "Ƙirga."

Ya ce, "Na gani, Adda."

"Daga waje aka kawo su da rai?"

"A nan aka haife su."

Ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ta zaci tafiya zai yi, sai ta ga ya ɗauki fartanya ya nufi wani suri a bakin gona. Ya farfasa, ya ciko wani fasasshen kasko da gara, ya kawo ya ajiye a gabanta. Ya ce ya ji manoma na cewa ita ake ba 'yan tsaki. Sannan ya sauke rabin hatsin da ke kan jakin ya jingine a bukkarta, bai tambaye ta ba, don ya san za ta ce ba ta so.

"Ki yafe mini, Adda."

"Ba ka yi mini komai ba. Allah ya kai ku lafiya. Ka riƙe yaran nan da kyau."

Hadari ya taso da iska. A al'ada sai ta raka su har bakin rafi, amma ba ta iya barin 'yan tsakin ba. Ta juye su a ƙwarya ta rufe da gefen zanenta, ta tsaya a ƙofar bukka tana kallon mutanen da ta yi shekara talatin a cikinsu suna shigewa cikin sabara. Yaran suna waiwaye suna kiran Inna. Ba ta sake ganin ko ɗayansu ba.

Kada ku jira in ce muku kaji sun zama awaki, awaki sun zama shanu. Ba ta sake mallakar saniya ba har ta koma ga Allah. Cikin huɗun ma shirwa ta ɗauke ɗaya. Da ukun ta tashi, ta cika filin da kaji, ta noma gonarta, ta ci daga guminta fiye da shekara ashirin, kuma ba wanda ya taɓa auna mata tuwo.

Amma akwai abin da ta faɗa wa kakata sau ɗaya tak. Ta ce ranar, da ruwan ya tsagaita, ta hura wuta ta ɗora tukunya, ta tuƙa tuwo hankalinta na kan ƙwaryar 'yan tsaki. Sai da ta sauke ta fara kwashewa, ta ga ta jera malmala tara, na kowa da kowa. Ta zauna a gabansu ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar mutuwar Dabo.

Kakata ta tambaye ta, "Inna, to ba ki yi nadama ba?"

Ta ce, "Na ce miki na yi kuka. Ban ce miki na yi nadama ba."